Kunyar Ɗan Fari a Gidan da Babu Kowa

Matamaye, ranar Talata

Zuwa ga ɗiyata Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da shirin tafiya, ina gaishe ki da haƙurin da muke ciki. Allah ya sa aikin nan da aka ba ki ya zama alheri, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a inda za ki sauka.

Kada ki yi mamakin takarda daga wadda kuke kwana gida ɗaya. Tun ranar Asabar da muka yi faɗa ba ki ƙara kallon fuskata ba, ni kuma bakina bai saba da irin maganar da nake son yi ba. A aji biyar karatuna na boko a lakwal ya tsaya. Ke malama ce, in kin ga kuskure ki gyara da jan bik ɗinki, amma ki karanta har ƙarshe.

Jibi motarki za ta tashi zuwa ƙauyen da aka tura ki koyarwa bayan Tanut, inda ba ki da uwa ba ki da dangi. Na ce ki bar mini ɗiyarki Nafisa, kika miƙe tsaye kika ce, "Ubanta ya sake ni ya yar da ita, ni ma so kike in yar da ita?" Kin ɗauka raba ku nake son yi. Ba shi ba ne. Abin da na gani ne ya tsorata ni.

Ranar Juma'a da ƙawayenki suka zo yi miki murna, Nafisa ta faɗi a bakin randa ta ƙuje gwiwa. Ta taho da gudu tana kuka ta faɗa jikinki. Kika ture ta da bayan hannu, ba ki ma dube ta ba, kika ce, "Ke, je wajen Inna." Ƙawayenki suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Barira dai akwai kunyar ɗan fari, kamar mutanen da." Na ga kin ji daɗi. Ina wanke mata gwiwar ta ce mini, "Inna, Tanti ta manta sunana ne?" Shekararta huɗu, Tanti take ce miki kamar ƙanwar uwa, ke kuma "ke" kike ce mata. A nan tana da inda za ta gudu, ni ce. A can bayan Tanut wa za ki tura ta wurinsa?

Ni na koya miki wannan. A jikin yayanki kika gani, tun kina goye. Lawali. Ga shi na rubuta sunan, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo mini ba. Wata biyar ke nan da muka binne shi, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa jin wannan suna daga bakina ba.

Haka aka rene mu. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya yi kuka sai wani ya ɗauka. Uwata haka ta yi wa yayata. Amma gidanmu na da mutum ya fi ashirin a ciki. Yayata ba ta taɓa rasa cinyar da za ta hau ba. Kaka na nan, gwaggo na nan, uba na dawowa daga gona ya cilla ta sama. Uwa ta kau da kai ne don ta san akwai masu dubawa. Ni ban gane haka ba. Na ɗauko kunyar na kawo ta gidan da ba kowa sai ni da yara biyu.

Babanku ya tafi cin rani Fatakwal yayanki na da shekara shida, ke ko yaye ba a yi miki ba. Shi ne mai kiran yaron da sunansa. Shi ke ɗora shi a wuya su tafi sayen rake ranar kasuwa. Shekarun baya yakan dawo kafin ruwan farko. Wannan shekarar ƴan cin rani suka dawo, aka yi shuka, aka yi noman fari, bai zo ba. Shekara ta zagayo wani direba ya tsaya a ƙofar gida, bai ko kashe mota ba, ya miƙo mini takardar saki. Ya ce mutumin ya yi aure can, ya kafa shago. Daga ranar babu wanda ya sake kiran yaron nan da sunansa cikin masu kwana a gidan nan, ke ma da kika fara magana Yaya kike ce masa.

Ban faɗa masa gaskiya ba. Duk sanda ya tambaya sai in ce, "Yana cin rani." Shi kuma ya san masu cin rani da ruwa suke dawowa. To duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa, sai ya gudu tasha ya zauna yana duban motocin da ke fitowa daga iyaka. Shekara huɗu yana wannan. Ƴan kamasho har sun san shi, suna tsokanarsa, "Ɗan mai cin rani, yau ma bai sauka ba?" Ƙarshe a bakin yara ya ji, wajen ƙwallo, wani ya ce masa ubanka ya haifi wasu a Fatakwal ya manta da ku. Ya shigo leɓe a fashe don ya yi dambe. Ya tsaya a kaina ina matsar mai ya ce, "Inna, dama ƙarya kike mini?" Na ɗauki muciya na kwaɗa masa, wai ya ce mini maƙaryaciya. Kuma maƙaryaciyar ce ni.

Nafisa za ta tambaye ki ubanta. Ta ma fara. Kada ki ce mata ya yi tafiya. Ki ce mata yana Damagaram, kun rabu, ba laifinta ba ne. Yaro na iya ɗaukar gaskiya in uwarsa ce ta miƙa masa a zaune. Wadda aka jefe shi da ita a waje ce ba ta warkewa.

Akwai wadda ta so ta cece ni daga kaina, na kore ta. Kakarku ta wajen uba, Iya ta Kurni. Ba za ki tuna ta ba. Duk ranar kasuwa sai ta taho, wani lokaci a amalanke, wani lokaci a ƙafa, da ɗan ƙullin ɗanwake ko guntun rake. Tun daga zaure za ki ji ta, "Ina angona? Lawali, fito, ko ka yi sabuwar amarya ne ka guje ni?" Shi kuma ya fito yana cewa, "Ni ba na auren mai haƙori biyu." Ta kama shi ta matse, suna ta dariya. Ranar kasuwa kaɗai nake jin dariyar yaron nan. Wata rana ta zaunar da ni ta ce, "Ɗana bai kyauta ba, na sani, kunyarki nake ji. Amma ki ba ni yaron nan ko na damina ɗaya. Ke ba ki iya kallonsa, ubansa ba ya nan, wa zai ce masa sannu?" Na ce mata ta je ta reni wanda ta haifa tukuna, tunda renon da ta yi masa ga abin da ya haifar. Tsohuwar nan ta ɗaura gyalenta ta fita. Ta sake zuwa sau biyu, na sa aka ce ba na nan. Ba ta ƙara dawowa ba har ta rasu. Na ɗauka babanku na rama wa. Shi yana can ko labari bai ji ba. Yayanki ne ya daina dariya.

Na san abin da dangin mijinki suka yi miki, ina wurin aka kwaso kayanki. Ba na ce ki so su ba. Amma gwaggon Nafisa da ke bugo salula tana cewa a ba ta yarinya su gaisa, kina kashewa, ki daina. Fushinki naki ne. Kada ki rage wa yarinya masu sonta, ba ta da su da yawa.

Yana da ƙwaƙwalwa, kin sani? Ya fi ki, in gaskiya za a faɗa. Yana aji huɗu ya zo na ɗaya. Ya shigo da gudu da kaye a hannu, littafin da mushe malamin ajinsu ya sa masa maki, a lokacin Hajiya Kande maƙwabciyarmu da wasu mata biyu suna zaune muna ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Inna, duba, mushe ya ce ni ne na ɗaya." Zuciyata kamar ta fashe don daɗi. Na ce, "Kai, ajiye can, ka ɗebo mini ruwa." Ya tsaya da kayen a hannu kamar bai ji ba, sannan ya ajiye ya ɗauki bokiti. Hajiya Kande ta ce, "Kai, wance, ke kam an haife ki. Matan yanzu har sumbatar ɗan fari suke." Na sunkuyar da kai ina jin daɗin yabon. An sake ni, ba ni da miji, ba ni da kaya, ba ni da abin da za a yabe ni da shi a unguwa sai wannan kunyar. Na riƙe ta kamar zane ɗaya da ya rage mini. Da yaron nan na sayi sunan kirki a wurin matan da ko kwano ɗaya na hatsi ba su taɓa aiko mana ba.

Ke kuwa komai na ba ki. Ke nake goyo, ke nake yi wa kitso ina waƙa, ke nake kira Barira, Barira, sau ɗari a yini, shi yana zaune a bakin ƙofa yana ji. In na yi masa doguwar magana to faɗa ne. Ga shi kuma ya ɗauko tafiyar ubansa, da yadda yake karkata kai in zai yi magana. In raina ya ɓaci sai in ce, "Ɗan ubansa, kai ma haka za ka yi." Na faɗa masa wannan ya fi a ƙirga. Sunansa ban iya faɗa ba, amma wannan bakina bai taɓa jin nauyinsa ba.

Nafisa da idon ubanta ta zo, kowa ya gani. Ranar da ta ɓata miki rai kika ga fuskarsa a tata, ki tashi ki fita waje har ki huce. Kada ki bari ta ji cewa kamar wanda kika tsana take.

Da ya kai shekara goma sha uku na cire shi daga lakwal. Aiki ya yi mini yawa, suyar gyaɗa, kai niƙa, matsar mai, tuyar ƙuli-ƙuli, kai wa kasuwa. Mushensa ya zo har gida ya roƙe ni, na ce ba ni da wani namiji sai shi. Yaro ya zama mai ɗaukar buhu, mai tura kura, damina ya yi ƙwadago a gonakin rake na Dungu. Da gumin nan nasa kika yi karatu har kika zama malama, wannan ma ki sani. Bai taɓa yi miki gori ba. Na ɗora masa nauyin maigida, ban ba shi ko abin da ake ba yaro ba.

Yana da goma sha bakwai ya bi masu cin rani. Da hantsi ya tsaya a bakin madafa da jakarsa ya ce, "Inna, zan tafi." Ya daɗe a tsaye. Na san abin da yake jira. Akwai mata a gidan sun zo sayen mai. Ban ɗaga kai daga kasko ba na ce, "To, Allah ya kiyaye." Da na ji ƙarar ƙyauren zaure na shiga makewayi na toshe bakina da zane na yi kuka. Wa ya amfana da kukan makewayi? Shi dai abin da ya tafi da shi, uwarsa ba ta ɗaga kai ba.

Shekara goma sha biyu yana yawo, Kano, Fatakwal, Ikko. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya yi kabu-kabu. Bai yi aure ba. Sau biyu aka nema masa, ya ce shi bai san abin da ake ce wa mace a cikin gida ba. In ya bugo salula, ke yake nema. In kin miƙo mini sai in ce, "Kana lafiya? To madalla," in mayar miki. Abokansa ne suka gaya mini daga baya cewa ya je har shagon babanku a Fatakwal. Mutumin ya dube shi ya ce, "Samari, me za a ba ka?" Bai gane shi ba. Yayanki ya sayi ashana ya fita. Tun daga nan ya fara shan ƙwayar nan da masu aikin ƙarfi ke sha don kada su ji gajiya, har ta cinye masa ƙoda.

Lokacin da aka kawo shi kina Damagaram wajen jarrabawa, shi ya sa ba ki san wannan ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Ƙafafunsa sun kumbura, fuska ta kumbura. Na ɗauki mai amalanke muka kai shi gidan likita da azahar. Aka kwantar da shi a benci. Majo mai karɓar marasa lafiya ya buɗe babban littafinsa ya dube ni ya ce, "Ke ce uwarsa? Sunansa?" Barira, sai na waiga. Na waiga ina neman wanda zai faɗa, kamar yadda na saba yi shekara ashirin da tara. Babu kowa a bayana sai bango. Majo ya ce, "Baba, sunan maras lafiya nake tambaya." Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Sai yayanki ya yi wata ƴar dariya daga kwance ya ce, "Majo, ƙyale ta, ba ta sani ba. Rubuta Lawali." Ya juya fuska wajen bango.

Kwana shida muka yi. Na yi masa fifita, na goge masa baki, na zubar da abin da ya kamata a zubar. Kullum ina cewa yau zan kira shi, in mutanen gadon kusa sun fita. Ba su fita ba, ɗakin kullum cike. Rana ta shida da la'asar na je alwala, na dawo na tarar an ja masa zane.

Wajen zaman makoki ban yi kuka ba, kin gani da idonki. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Hajiya Kande, da sandarta yanzu, ta dafa ni ta ce wa mata, "Ku dubi haƙuri, ko ɗigon hawaye." Na ji kamar in tofa mata yawu. Bayan sadakar bakwai na je wurin Malam Isufu limamin unguwa na tambaye shi ko akwai zunubi mace ta kira sunan ɗanta na fari. Ya ce, "Wa ya ce miki? Al'ada ce kawai, babu ita a addini." Na ce, "Malam, shekara nawa kana zaune a ƙofar gidana, kana ji ina ce wa yaron nan kai, ba ka taɓa faɗa mini ba?" Ya ce ai ban tambaya ba. Gaskiyarsa. Ban tambaya ba. Na dawo gida da rana tsaka, na shiga ɗakinsa na rufe, na kira sunan da ƙarfi har sau uku. Ba wuya ko kaɗan. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ashe ba wuya.

Ke ma ban bar ki lafiya ba, kada ki ɗauka don na goya ki kin tsira. Na cika miki kunne da cewa namiji ba abin yarda ba ne tun ba ki san me ake nufi ba. Kin shiga gidan miji kina jiran ranar da zai tafi. Ban ce laifinki ne ya sake ki ba, mutumin banza ne, na faɗa a gaban uwarsa. Amma na san da wace zuciya na aika ki. Ki yafe mini wannan in kin iya. Kada kuma ki mayar da Nafisa abokiyar kukanki yadda na mayar da ke. In abin ya cika miki ciki ki bugo mini, ni ce daidai ɗaukarsa.

Ba na zagin al'adar iyayenmu. A gidan da ke cike da mutane tana da kyau, tana koya wa yarinya cewa ɗa na dangi ne duka. Amma ke ɗaki ɗaya za a ba ki a bayan lakwal, ke da yarinya. Ke ce uwa, ke ce uba, ke ce kaka, ke ce gwaggo. In kin kau da kai, babu sauran ido a kanta. Matan can za su yi magana, za su ce malamar nan ba ta da kunya. Su faɗa. Ni an yabe ni shekara ashirin da tara, ga abin da na samu, kabari a bayan gari.

To ga abin da na yanke. Na janye maganar ki bar mini ita, ɗiyarki ce, kuma kin yi gaskiya, bai kamata ta rasa uba ta rasa uwa ba. Na wanke kayanta na ɗaure, na yi mata ƙuli-ƙuli mai sukari na hanya. Amma jibi da safe, in masu rakiya sun taru a tsakar gida, har da Hajiya Kande don na aika mata ta zo, ni da Nafisa muna cikin ɗakina. Ba zan fito da ita ba, ba zan aiko ta ba. Ke za ki tsaya a tsakar gida, a gabansu duka, ki kira ta da sunanta yadda za ta ji. In kin kira, zan sa mata takalmi da hannuna in raka ku har tasha. In kin ce "ke", ko kin ce wata ta shiga ta ɗauko miki ita, wallahi ba za ta fita daga ɗakin nan ba, ki kai ni duk inda za ki kai ni. Na ga ƙarshen wannan hanya sau ɗaya, ba zan tsaya in ga na biyu ba.

Kina da yau da gobe. Ki gwada a makewayi in kina so, can ni ma na yi nawa abin. Amma jibi a fili nake son ji.

Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ku daga ciwo da sharrin hanya. Allah ya raya Nafisa ya sa ta fi mu sa'a. Allah ya jiƙan Lawali, ya sa ya yafe mini. Ki sa shi cikin addu'arki, ni ma ki sa ni.

Zan bar ƙofar ɗakin a buɗe don mu ji ki sosai.

Innarki.